Filin Mata: Jikar Inna A Ƙasar Norwe, Wane Suna Za A Raɗa Mata?

 Makon jiya na yi muku alkawari za mu ci gaba da maganar yaye, amma sai ga wata wasiƙa ta iso mini wadda na ga ba za ta iya jira ba, domin haihuwa ba ta jiran kowa. Saboda haka ku yi mini haƙuri, maganar yaye sai mako mai zuwa.

Wadda ta aiko wasiƙar ta roƙe ni kada in faɗi sunanta ko garinsu, na kuwa amsa mata. Ga abin da ke ciki a taƙaice. Wanta ya tafi karatu ƙasar Norwe, can arewacin Turai, ya gama, ya sami aiki, ya auri wata 'yar ƙasar. Yanzu matar tana da ciki wata bakwai, likita ya duba ya ce mace ce. To, matar ta ce tana so a sa wa jaririyar sunan kakarta wadda ta rene ta, watau Sigrid. Da labari ya iso gida sai Inna, mahaifiyarsu, ta ɗaure fuska. Ta ce ita ba ta taɓa jin wannan suna ba, wa ya sani ko sunan gunki ne, kuma tun ran da ɗan nan ya yi aure ta ke sa rai in ya sami 'ya mace ita za a yi wa takwara. Yau mako uku ke nan in ya bugo waya ba ta karɓa. Mai wasiƙar ta rufe da cewa, "Malama, ni ce a tsakiya. In na goyi bayan Yaya, Inna ta yi fushi da ni, in na bi Inna, na rasa ɗan'uwana. Ƙaƙa zan yi?"

'Yar'uwa, tun da farko bari in ce ban ga laifin Inna ba. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma duk uwar da ta yi wa ɗa goyo da wanka da jinya tana da hakkin ta tambayi abin da za a riƙa kiran jikarta da shi har ƙarshen ranta. Amma an kuma ce rashin sani ya fi dare duhu. Kafin a ƙi suna ko a karɓe shi, ya kamata a san abu biyu: mene ne ma'anarsa, kuma na wane ne. Saboda haka bari mu leƙa ƙasar mutanen nan mu ga yadda su ke yi.

Ƙasashen can na arewacin Turai guda 5 ne: Norwe, Suwidin, Danmak, Aisalan da Finlan. Huɗu na farko harsunansu tushe ɗaya ne, Finlan ce kaɗai nata harshe ya sha bamban. Sunayensu na gargajiya sun samo asali ne tun zamanin kakanninsu mayaƙan teku, waɗanda a ke kira Baikin, da suka yi tashe daga wajen shekarar 800 zuwa wajen 1050. Yawancin sunayen nan kalma biyu ce a ke haɗawa ta zama ɗaya, kowace da ma'anarta, kamar yadda mu ke da Maikuɗi, wanda duk Bahaushe ya ji ya san abin da ya ke nufi.

In kin duba sunayen sai ki ga sun kasu kashi uku. Kashi na farko na dabbobi ne da abubuwan da Allah ya halitta. Ulf kyarkeci ne, Ylva macen kyarkeci, Arne gaggafa, Stein dutse, Bjørn kuwa wata ƙatuwar dabbar dajinsu ce mai gashi da ƙarfin gaske. Kada ki yi dariya, ai mu ma mukan yi wa namiji kirari da zaki ko giwa ko ɓauna. Dag ma'anarsa yini, Dagny kuwa sabon yini. Tsofaffinmu za su tuna da Dag Hammarskjöld, mutumin Suwidin, Babban Magatakardan Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Ndola cikin 1961, yana kan hanyar sasanta rikicin Kwango.

Kashi na biyu na hali ne da muƙami da fatan alheri. Wanda Dag ɗin nan ya gada a kujerar, Trygve Lie, mutumin Norwe ne, ya riƙe ta daga 1946 zuwa 1952, sunansa kuwa ma'anarsa amintacce, watau Aminu ke nan a wurinmu. Leif magaji ne. Olav magajin kakanni. Harald shugaban mayaƙa, kamar mu ce Sarkin Yaƙi. Sven kuwa saurayi.

Kashi na uku shi ne inda tsoron Inna ya ke da tushe, kuma ba zan ɓoye miki ba. Kafin addinin Kirista ya kafu a ƙasashen nan, wajen shekarar 1000, mutanen suna da abubuwan bauta da yawa. Akwai Tor, wanda suka ɗauka shi ne mai tsawa, suna siffanta shi da guduma a hannu. Akwai Freya, mace. Akwai Ing. Sunayen waɗannan sun shiga cikin sunayen mutane har yau. Tora, Torstein, Torbjørn da Turid duk da sunan Tor suka fara. Ko ranar Alhamis da sunansa su ke kiranta. Mafi yawan masu ɗauke da sunayen nan a yau ba su bauta wa Tor, da yawansu ma ba su taɓa tsayawa sun yi tunanin ma'anar ba, gado ne kawai. Amma musulmi ba ya raɗa wa ɗansa suna da ka. Malamai sun karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sake wa waɗansu mutane suna saboda munin ma'ana, kamar yarinyar nan mai sunan da ke nufin mai saɓo, wadda ya mayar Jamila.

To, yanzu ki lura da kyau, domin a nan maganarki ta ke. Akwai sunayen mata uku da kunne zai ce 'yan gida ɗaya ne: Ingrid, Astrid, Sigrid. Dukansu ƙarshensu ɗaya, daga wata tsohuwar kalma mai nufin kyakkyawa. Amma farkonsu ya bambanta. Ingrid da sunan Ing ta fara. Astrid ta fara da kalmar da su ke kiran abubuwan bautarsu na da. Sigrid kuwa ta fara da kalmar da ke nufin nasara. Watau ma'anarta nasara da kyau, kamar a ɗauki Fa'iza da Jamila a haɗa su wuri ɗaya. Babu gunki a ciki ko kaɗan. Tsohon suna ne mai daraja a wurinsu, shi ne sunan Sigrid Undset, marubuciyar Norwe da ta sami kyautar Nobel ta adabi cikin 1928. Kin ga amfanin tambaya ke nan. Da kunne kaɗai aka bi, da an haɗa mai laifi da marar laifi an yi musu hukunci ɗaya.

Saura mu san abin da ya sa matar wanki ta nace. Wataƙila a gida kun ɗauka taurin kai ne irin na Turawa. Ba haka ba ne. Mutanen karkarar Norwe sun daɗe da wata al'ada wadda in na faɗa miki za ki ce a ƙauyenku aka koyo ta. Ɗan fari namiji a kan sa masa sunan kakansa na wajen uba, na biyu sunan kakansa na wajen uwa, 'ya'ya mata kuma a yi wa kakanni mata takwara da su. In yaro ya rasu, wanda aka haifa bayansa yakan gaji sunansa. Har ma in mace ta rasu mijinta ya sake aure, 'yar fari da amaryar ta haifa a kan sa mata sunan marigayiyar. Ku mata, ku auna wannan a zuciyarku, ku ga irin girman da su ke ba mamaci. Yanzu al'adar ta yi sanyi, ba tilas ba ce, amma ba ta mutu ba. Ashe abin da Inna ta ke nema shi ne abin da surukarta ta ke nema. Kowace tana so kada sunan tsohuwar gidansu ya ɓace.

Kuma sunayen nan ba abin wasa ba ne a wurinsu. Bayan zuwan addinin Kirista da yawa daga cikinsu sun ja baya, sunayen cikin Littafi suka mamaye, sai a ƙarni na 19 da kishin ƙasa ya motsa mutane suka koma suna tono su. Sa'ad da Norwe ta rabu da Suwidin cikin 1905, sai ta ɗauko wani jikan sarkin Danmak mai suna Carl ta naɗa shi sarki. Abin da ya fara yi shi ne ya ajiye sunansa ya ɗauki Haakon, sunan tsofaffin sarakunan Norwe, ɗansa Alexander kuma ya koma Olav. Jikansa Harald na 5 ya hau gadon cikin 1991. A Danmak kuwa tun daga 1513 sarakuna suka riƙa karɓa-karɓa tsakanin suna biyu, Christian da Frederik, har zuwa 1972 da Sarauniya Margrethe ta hau. Da ta yi murabus cikin 2024 ɗanta Frederik ya gaje ta, magajinsa kuma Christian.

Mutanen Aisalan su ne suka fi kowa riƙo. Yawancinsu har yau ba su da sunan dangi irin na Ingila. Sunan uba a ke ɗauka a ƙara masa "son" in namiji ne, ko "dóttir" in mace ce, daidai da yadda mu ke cewa Usmanu ɗan Fodiyo, ko Nana Asma'u 'yar Shehu. Vigdís Finnbogadóttir, wadda ta shugabanci ƙasar daga 1980 zuwa 1996, mace ta farko a duniya da jama'a suka zaɓa shugabar ƙasa da ƙuri'a, sunanta yana nufin Vigdís 'yar Finnbogi. Mace ba ta sake suna don ta yi aure, kamar yadda iyayenmu ba su sakewa. Tun 1991 suna da wani kwamiti na mutum 3 mai duba duk sabon sunan da ba ya cikin rajista, ya ga ko ya dace da harshensu. An yi wata yarinya da uwarta ta sa mata Blær, watau iska mai laushi, hukuma ta ƙi, wai kalmar ta namiji ce. Shekara 15 takardunta na hukuma suna ɗauke da kalmar "yarinya" a gurbin suna, sai cikin 2013 kotu ta ba ta gaskiya. A Norwe da Danmak ma da haka a ke yi da sunan uba, sai doka ta tsayar da shi ya zama na dangi, a Norwe cikin 1923. Shi ya sa za ki ji Hansen da Olsen sun yi yawa, watau ɗan Hans da ɗan Ole.

To, duk wadda Allah ya haɗa zuriyarta da mutanen nan, ga ma'auni uku da na ke ba da shawara a auna suna da su.

Na farko ma'ana, mun kuwa gama da ita. A tambayi dangin matar, a duba littafin sunaye na ƙasarsu, sa'an nan a kai wa malami ma'anar, ba sautin kaɗai ba, ya faɗi abin da ya gani.

Na biyu baki. Suna na kira ne, in kaka ba ta iya kiran jikarta an yi asara. A nan fa Sigrid tana da 'yar matsala, gara in faɗa tun yanzu. Mutanen Norwe da yawa ba su furta harafin ƙarshe, "Sigri" su ke cewa. Bakin Bahaushe kuwa ba ya haɗa baƙi biyu irin waɗannan sai ya sa wasali a tsakani, ya ce "Sigiri". Tsakanin wannan da sigari taki ɗaya ne, ni kuwa da na ke yini da yara a aji na san ba su barin irin wannan dama ta wuce su. Akwai wanda ya fi wannan. Suna da haruffa uku da babu a Turancin Ingila, æ da ø da å, kamar yadda mu ke da ɓ da ɗ da ƙ. Kun san in aka cire wa "baƙi" ƙugiyarsa ya koma "baki". To, akwai wani sunan maza mai mutunci a Norwe, Kåre, wanda su ke furtawa kusa da "Kore", har wani firayim ministansu, Kåre Willoch, ya riƙe mulki daga 1981 zuwa 1986. Ran da magatakardanmu ya rubuta shi ya bar ɗan zoben nan na sama, me ya rage? Kare! Allah ya kiyaye. Saboda haka a rubuta sunan da haruffanmu, a ba tsohuwa ta kira shi sau uku, a saurara. Wadda kuwa ta ke neman sunan da bakin kowa zai iya, akwai Laila. Mu mun same shi daga Larabci, su kuma ya yaɗu a wurinsu bayan wani littafin hikaya na J. A. Friis da ya fito cikin 1881.

Na uku doka. Mu ran bakwai mu ke raɗa suna, su kuwa hukuma ce ta ke ba da wa'adi: wata 6 a Norwe da Danmak da Aisalan, wata 3 a Suwidin. Ba abin da zai hana wanki ya yi wa 'yarsa huɗuba, ya aiko a yanka rago a gida ran suna, a raba goro, sa'an nan ya kai sunan rajista a tsanake. Amma ki ja masa kunne da abu ɗaya. A dokar Norwe, in wata 6 ya cika ba a kai wa hukuma sunan dangin da yaro zai ɗauka ba, na uwarsa a ke rubuta masa. Kada gardama ta ɗauke musu hankali har wa'adi ya wuce. Wani abin farin ciki kuma, dokarsu ta yarda yaro ya ɗauki suna biyu ko fiye, kuma mutane da yawa haka su ke.

Ga shawarata ke nan, 'yar'uwa. A ba yarinya sunayen duka biyu. In sunan Inna, misali, Hauwa ne, sai ta zama Hauwa Sigrid. A yi huɗuba da na Inna, a rubuta duka biyu a rajista da fasfo. Wanda zai zo gaba a takarda a bar wa miji da mata su daidaita, ku na gida kada ku sa baki. Maganar sigari kuwa al'adarmu ta riga ta yi mana maganinta. Wane ɗa ne zai buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa? Wace ce a gidanku za ta kira shi? Ai tun ran suna alkunya za ta mai da ita Ummi ko Mama ko Uwani, da shi kuma za ta tashi a bakin duk dangin uba. Can wajen dangin uwa su kira ta Sigrid, su tuna da tasu tsohuwar. Yarinya ta tashi ta san tana da gida biyu, kowanne ya ba ta abin da ya fi ƙauna.

Sai dai yadda za ki kai maganar ya fi maganar kanta. Kada ki tari Inna a gaban mutane, kada kuma ki fara da cewa ta yi kuskure. Ki bari sai bayan lisha, ku biyu, ki ce kin bincika sunan nan, ga ma'anarsa, ga kuma wadda ta ke da shi, tsohuwa ce da ta reni jikarta kamar yadda Inna ta reni nata. In kin ga abin ya fi ƙarfinki, ki nemi yayar Inna ko kawunku su sa baki. Shi kuwa wanki ki gaya masa gaskiya: laifinsa shi ne ya aiko da sanarwa a inda ya kamata ya aiko da neman shawara. Ya bugo ya ba da haƙuri, ya roƙi Inna ta yarda a yi mata takwara, da bakinsa. Tsohuwa ba sunan kaɗai ta ke nema ba, so ta ke ta san nisa bai sa an manta da ita ba. Ke kuma ki rubuta wa matarsa, ki tambaye ta labarin kakarta, ki roƙi hotonta ki nuna wa Inna. Zumunta a ƙafa ta ke, in ƙafa ba ta kai ba, takarda ta kai.

Ku kuma sauran 'yan'uwa da ba ku da kowa a Norwe, kada ku ce wannan ba taku ba ce. Ran nan na tambayi 'yan ajina kowa ya faɗi ma'anar sunansa da wanda aka yi wa takwara da shi, 'yan kaɗan ne suka iya. Waɗansunmu suna tsintar suna a fim don daɗinsa a kunne, ba su tambayi kowa ma'anarsa ba, alhali Tanko da Kande da Gambo da Ladi da Asabe, waɗanda kowannensu labari ne na yadda aka haifi mai shi, muna jin kunyarsu. Ga mutane can cikin ƙanƙara sun riƙe sunayen kakanninsu fiye da shekara 1000. Yau da dare ki zaunar da 'yarki ki gaya mata sunan wa ta ci, da irin halin mai sunan.

Mai wasiƙa, in Allah ya sauki matar wanki lafiya ki aiko mana da labari, mu taya ku murna a wannan fili. Allah ya raba lafiya, ya raya abin da za a samu, ya sanyaya zuciyar Inna, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu koma kan yaye.

Taku,
Malama